Darasi na Bakwai: Zaɓen Wurin Aiki ga Mai Son Sana'ar Sayar da Motoci

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bambanta ire-iren wuraren sayar da motoci da ake ɗaukar ma'aikata a cikinsu;
2. lissafa abin da zai shiga aljihunsa a wata tun kafin ya amsa tayin aiki;
3. duba mota da takardunta ya gane ko harkar wurin mai tsabta ce;
4. yi wa mai wuri tambayoyin da suka dace cikin ladabi.

Gabatarwa

Yawancin masu neman aikin sayar da motoci suna ɗauka cewa duk wanda ya karɓe su alfarma ya yi musu, don haka ba sa tambayar komai. Da an ce "ka zo gobe da safe", shi ke nan magana ta ƙare. Bayan wata uku sai ka tarar da mutum yana cin bashin kuɗin abinci, ko kuma yana ofishin 'yan sanda a kan motar da bai san asalinta ba.

Yaron fili, wato mai sayarwa a filin motoci, ba shi da mota ko ɗaya a cikin waɗanda yake tallatawa. Abin da ya zuba a harkar shi ne lokacinsa da sunansa. Mai saye ba lallai ne ya taɓa ganin maigidan ba, amma fuskar wanda ya buɗe masa ƙofar mota ya ce "lafiyarta ƙalau" ba zai manta da ita ba. Saboda haka yadda maigida yake auna ka kafin ya ɗauke ka, kai ma haƙƙinka ne ka auna wurinsa kafin ka shiga.

1. Ire-iren wuraren sayar da motoci

Na farko shi ne kamfanin da ke sayar da sababbin motoci da izinin masu ƙera su. A Najeriya akwai irin su CFAO da Elizade da ke harkar Toyota, da Coscharis mai sayar da BMW da Ford, da Innoson da ke haɗa motocinsa a Nnewi ta Jihar Anambra. Kaduna ma ta daɗe da sanin wannan harka, domin tun 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a can. A irin waɗannan wurare akwai albashi, akwai takardar ɗaukar aiki, akwai horo. Sai dai suna neman takardar makaranta da iya Turanci, kuma manyan masu sayensu hukumomin gwamnati ne da bankuna da kamfanoni, waɗanda ciniki ɗaya da su kan ɗauki watanni ana kai takardu ana komowa.

Na biyu shi ne filin dila mai shigo da motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam. Yawancin motocin da ake saya a ƙasar nan ba sababbi ba ne, don haka a nan ne aiki ya fi yawa. Dilan yakan sayo daga gwanjon Amurka ko Kanada ko Turai, a sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas, ko kuma ya je kasuwar Berger da ke Apapa ya saro.

Na uku filin ajiya ne. Motocin ba na mai filin ba ne. Mutane ne suke kawo nasu a sayar musu, a cire la'ada. Shiga irin wannan wuri ba ta da wuya, kusan duk wanda ya samu mai tsaya masa zai samu gurbi. A nan ne kuma aka fi buƙatar buɗe ido, domin kowace mota da nata tarihin.

Akwai kuma masu sayarwa ta intanet, a Jiji da Cars45 da Facebook da Instagram da WhatsApp. Yau da wuya ka ga fili mai motsi wanda ba ya ɗora hotunan motocinsa a waya. Mata da dama ta wannan ƙofa suka shiga sana'ar, kuma duk abin da za a faɗa a darasin nan ya shafe su kamar yadda ya shafi maza.

> Akwatin kalmomi na 1
> Dila: mai jarin da yake sayen motoci ya ajiye don ya sayar.
> Dillali: wanda yake haɗa mai saye da mai sayarwa, a ba shi la'ada.
> La'ada ko kamasho: kuɗin da ake ba wanda ya sayar da kayan wani idan ciniki ya faɗa.
> Tokumbo ko Beljiyam: motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, ba a taɓa yi mata lamba a nan ba.
> Motar hannu: wadda aka riga aka hau a cikin ƙasa.
> 'Yan kayi-nayi: masu shiga tsakani a ciniki ba tare da kayan suna hannunsu ba, kowa yana neman a ba shi wani abu.

2. Yadda ake biyan mai sayarwa

Hanyoyin biya da aka fi sani uku ne: albashi da ɗan ƙari a kan kowace mota; la'ada zalla ba albashi; ko kuma maigida ya yanke farashinsa ya ce abin da ka ɗora a kai naka ne.

Ya kamata ka san inda doka ta tsaya. A watan Yuli na 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 a wata. To amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan waɗanda ake biya da kamasho ba. Yawancin filayen motoci sun faɗa cikin ɗayan biyun nan. Ke nan abin da kuka yi yarjejeniya a kansa da maigida shi ne kaɗai abin riƙonka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kallon girman kason da aka ambata. Abin dubawa na gaske shi ne mota nawa ke fita daga filin a wata, kuma mutum nawa ne ke rububinsu. Adadin da ke cikin misalan nan na koyon lissafi ne kawai. Kowane wuri da nasa tsarin.

*Misali na 1.* Wani matashi ya samu tayi daga filaye biyu.

Fili na farko yana ba da albashin naira 60,000, da naira 30,000 a kan kowace motar da mutum ya sayar. Motoci 12 ke fita a wata, masu sayarwa kuma su 4 ne. Kowa zai iya sa ran mota 3.
3 × 30,000 = 90,000
90,000 + 60,000 = 150,000

Fili na biyu ba ya ba da albashi, amma la'adarsa kashi 2 cikin 100 ce na kuɗin mota. Motocinsa suna kaiwa naira miliyan 9, wato la'adar mota ɗaya naira 180,000. Da jin wannan sai ran matashin ya biya. Da ya bincika sai ya gano motoci 5 ne ke fita a wata, yaran fili kuma su 10. Wato mutum zai yi wata biyu kafin mota ɗaya ta faɗo masa.
180,000 ÷ 2 = 90,000 a wata

Yanzu a cire kuɗin hawa da abincin rana, a ce naira 2,000 kullum na kwana 26, wato 52,000. A fili na farko saura 98,000. A na biyu saura 38,000. Idan kuma dillalin waje ne ya kawo mai sayen aka raba la'adar biyu, abin da ya samu bai ma biya masa kuɗin zuwa aiki ba. Ga watan da kasuwa ta yi shiru: a na farko zai koma gida da albashinsa, a na biyu hannu rabbana.

Wannan ba ya nufin la'ada zalla ba ta da amfani. Wanda ya daɗe a harka, yake da mutanensa da ke kiransa duk lokacin da za su sauya mota, ita ta fi masa. Sabon shiga mai iyali dai ya fi buƙatar wurin da akwai wani abu tsayayye, ko da kaɗan ne, har ya san kan kasuwa.

*Misali na 2.* Wani dila ya ce zai ba ka kashi 10, wani ya ce kashi 2. Kafin ka zaɓa sai ka tambaya: kashi na me? An sayo mota naira 8,200,000, an kashe mata 300,000 wajen bakanike da mai fenti, an sayar 9,000,000. Riba ita ce 500,000.
Kashi 10 na riba = 50,000
Kashi 2 na kuɗin mota = 180,000

Bayan haka, idan a kan riba ake yi maka lissafi, wa zai gaya maka nawa aka sayo motar? Littafin yana hannun maigida. In ba ya nuna shi, to duk abin da ya ce shi ne ribar.

Tsarin "abin da ka ɗora naka ne" yana da daɗin ji, amma yana jan mutum zuwa tsawwala wa wanda ya amince da shi. Mai saye idan ya gano daga baya cewa ka ɗora masa rabin miliyan a kan farashin fili, ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa 'yan uwansa.

3. Tsabtar kaya da takardu

Wannan sashe ya fi duk sauran nauyi. Wurin da la'adarsa ta yi kaɗan za ka iya barinsa gobe ka nemi wani. Wurin da ya sa ka sayar da motar sata ko ta fasa-ƙwauri kuwa, ko ka bar shi maganar tana bin ka.

Shekaru da yawa motocin da ke zuwa Arewa ta Kwatano suke biyowa, wasu su ratsa ta Gaya da Birnin Ƙonni da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar kafin su shigo. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A ƙarshen watan Satumba na 2019 jami'an kwastam suka rufe filayen sayar da motoci a sassa daban-daban na ƙasar don binciken takardun duti, wasu suka yi makonni a garƙame. Duk yaron irin waɗannan filaye da ke rayuwa a kan la'ada, a makonnin nan bai samu ko sisi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa takardun maigida matsalarka ce kai ma.

Ga yadda za ka duba da kanka. Ka tsaya a gaban mota ta ɓangaren direba, ka sunkuya ka kalli ƙasan gilashin gaba. Akwai ɗan ƙaramin faranti mai ɗauke da lambar shasi, haruffa da lambobi guda 17. Ka rubuta ta a takarda. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin ƙofar akwai wata 'yar takarda da aka manna mai ɗauke da lambar. Su zo daidai. Sannan ka nemi takardar kwastam ka bi lambar ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Babu harafin I ko O ko Q a cikin lambar shasi ta gaskiya. Idan ka ga alamar an kankare farantin, ko an yi walda a gefensa, ko ƙusoshinsa sun sha bamban da na asali, ka ja da baya.

A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, alama ta 10 a cikin lambar tana nuna shekarar mota: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B kuma 2011, haka abin yake tafiya. Sanin wannan yana da amfani, domin akwai masu sauya wa tsohuwar mota fitilu da bamba ta koma kamar sabon yayi, a sayar da ita a matsayin 'yar shekarun baya-bayan nan. Akwai kuma masu rage shekara a takarda don duti ya yi sauƙi. Tun 2022 kwastam ta koma yanke duti da lambar shasi, amma motocin da suka shigo da tsofaffin takardu suna nan birjik a kasuwa.

> Akwatin kalmomi na 2
> Lambar shasi: lambar da kamfani ya ba mota tun daga masana'anta, babu motoci biyu masu lamba ɗaya.
> Duti: harajin da ake biya wa hukumar kwastam a kan kayan da aka shigo da su.
> Shaidar mallaka: takardar da ke nuna sunan mai mota.
> Canjin mallaka: mayar da takardun mota zuwa sunan wanda ya saya.
> Najashi: mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kawai a ruɗi mai saye na gaskiya.

Ga motar hannu, ka lura ko filin yana karɓar mota daga kowa ba tare da ganin shaidar mallaka da katin shaidar wanda ya kawo ta ba. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma wanda ya sa hannu a takardar ciniki a matsayin shaida yana cikin waɗanda za a nema.

Wurin kansa ma yana da takardun da ya kamata ya mallaka. Za ka iya shiga shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ka rubuta sunan kamfanin ka ga ko yana da rajista. Doka ta kuma wajabta wa dilolin motoci yin rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma sama da miliyan 10, sai ta banki. Idan ka ga fili ana shigo da kuɗin mota a buhu ba rasit, ko maigida ya ce a riƙa turo kuɗin ciniki ta asusunka na banki, kada ka yarda. Ranar da bincike ya tashi sunanka ne a rubuce.

Sai batun aibi. Motocin gwanjon Amurka da yawa haɗari suka yi ko ambaliya ta shafe su. Sayar da irinsu ba laifi ba ne idan an gyara kuma an faɗa wa mai saye. Laifin shi ne ɓoyewa: a mayar da mitar tafiya baya, a kashe fitilar da ke nuna matsalar inji, a rufe wurin jakar iska da babu komai a ciki. Shari'ar Musulunci ta haramta ɓoye aibin haja, ta haramta najashi, kuma babu addinin da ya yarda a sa iyalin wani cikin motar da aka san birkinta ko jakar iskarta ba lafiya. Ka zauna a filin ka saurari abin da tsofaffin yara ke gaya wa masu saye. Abin da ka ji suna faɗa, shi za a sa ka faɗa.

4. Irin motocin da ke filin

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tambayar farko da mai saye ke yi ita ce "tana shan mai?" A watan Yuni na shekarar aka saki naira a kasuwar canji, a 2024 dala ta haura naira 1,500, kuɗin tokumbo ya tashi, mutane da yawa suka koma motar hannu. Filin da ya cika da manyan motoci masu fulogi shida ko takwas yana da kyan gani, amma ka tambayi kanka mutum nawa ka sani da zai iya sayensu. Idan mutanenka ma'aikata ne da 'yan kasuwa matsakaita da direbobin haya, wurin da ke da Corolla da Civic da Golf da Sharon da Hiace ya fi dacewa da kai. Ka duba tayoyi: motar da tayarta ta sace, ƙura ta yi mata zobe a ƙasa, ta daɗe ba a motsa ta ba. Idan irinta sun yi yawa, kasuwar wurin ba ta tafiya.

5. Maigida da abokan aiki

Ka nemi wanda ya taɓa aiki a wurin ya bari, ka ji dalilinsa. Ka tambayi bakaniken da ke yi musu gyara da mai wankin mota ko ana biyansu a kan lokaci. Wanda ke riƙe haƙƙin mai wanki zai riƙe naka. Ka gano yadda ake raba masu saye: bi da bi ne, ko mai ƙarfi ya ƙwace? Idan ka yi mako biyu kana bin mutum a waya, ya zo ranar da ba ka nan ya biya, la'adar ta wa ce? A kan wannan ake yawan faɗa a filaye. Ka kuma ji wa ke biya idan mota ta samu rauni a wajen gwaji.

*Misali na 3.* Tambaya ba rashin kunya ba ce idan an iya yin ta.

"Ranka ya daɗe, la'adar nan a kan kuɗin mota take ko a kan riba?"

"Kai dai ka fara aiki, yaro. Ba za mu cuce ka ba."

"Allah ya ƙara girma, Alhaji, na san haka. Iyali gare ni, shi ya sa nake so in san abin da zan dogara da shi. Da za a taimaka a rubuta mini a 'yar takarda, Baba da ya kawo ni ya sa hannu a matsayin shaida, da hankalina ya fi kwanciya."

Dila mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Takardar ta ƙunshi albashi in akwai, yadda ake lissafin la'ada, ranar biya, lokutan aiki, da yadda za a rabu idan zama ya ƙi.

Tambayoyin bita

1. Kawo ire-iren wuraren sayar da motoci guda uku, ka faɗi wanda ya fi buƙatar taka-tsantsan da dalilinka.
2. Mene ne bambanci tsakanin dila da dillali?
3. Wani fili yana sayar da motoci 8 a wata, masu sayarwa su 4 ne. Albashi naira 50,000 ne, ƙarin kowace mota 35,000. Nawa mutum zai sa ran samu a wata? Idan yana kashe 1,500 kullum na kwana 26, nawa zai rage masa?
4. An sayo mota 6,000,000, an yi mata gyaran 200,000, an sayar 6,800,000. Wanne ya fi: kashi 15 na riba ko kashi 2 na kuɗin mota?
5. A waɗanne wurare biyu ake ganin lambar shasi a jikin mota? Idan alama ta 10 ita ce B, motar ta wace shekara ce?
6. Me ya sa bai kamata ka bari a turo kuɗin cinikin maigida ta asusunka ba?
7. Maigida ya ce ka gaya wa mai saye cewa mota ba ta taɓa haɗari ba, alhali ka san ta yi. Me za ka ce masa? Ku tattauna a rukuni.

Aikin gida

Ka ziyarci filin motoci biyu a garinku, ka gaida mai wurin ka nemi izini. Ka rubuta irin motocin da suka fi yawa, adadin masu sayarwa, da yadda ake biyansu idan an yarda a gaya maka. Kada ka rubuta sunan kowa ko lambar motar kowa. Ka zo da abin da ka samu a zama na gaba, za mu yi lissafinsa tare a kan allo.